Daren da Ba Mu Amsa wa Sitti Ba

A gidanmu na unguwar Hindawiyya ba don sanyi ake hura wuta ba, ina Jidda ta ga sanyi? Gawayin shayin kakata ne, Sitti Hauwa, a saman bene bayan sallar isha'i. Mu jikoki sai mu zagaye kaskon, tana fifita shi da guntun kwali. Ƙa'idarta guda ce. Za ta ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa," mu kuma mu ce, "Ta shigo mu ji ta." In ba a amsa ba, ko za a kwana ba za ta fara ba. A wajenta labari baƙo ne, ba ya shiga sai an yi masa izini.

Wanda muka fi so shi ne na Ɗan Jirgi, wani mai dako a tashar jiragen ruwa da ya bi jirgi ya sauka Amurka. Kaɗan-kaɗan take tsakuro mana shi. Ya tarar da famfo biyu, na farare daban, na baƙaƙe daban. Mu da muka saba shan zamzam a kofi ɗaya da kowa, dariya abin ya ba mu. Ya ga baƙaƙen fata sun ƙaurace wa motocin haya suna takawa da ƙafa, har sai da aka bar su suka zauna inda suke so. Ya yi aure, ya haihu. Da yamma kowa a unguwar yana ƙofar gida ana hira, shi ma yana yi wa 'ya'yansa tatsuniya.

"Sai akwati ya zo," in ji Sitti, "mai mutane a ciki. Wannan gida ya saya, wancan ya saya. Halas, shi ke nan, ƙofar gida ta zama wayam."

"Sai me ya faru, ya Sitti?"

"Gobe zan ƙarasa. Yalla, barci."

Goben nan ce Baba ya shigo da talabijin. Muka jeru a falon ƙasa, baki sake. Na ji ƙamshin gawayi, sannan na ji muryarta daga sama: "Ga ta nan a bakin ƙofa." Ni ce babba a jikoki, kuma sarai na ji, amma na ce a raina bari wannan shirin ya ƙare tukuna. Sau uku ta faɗa. Daga nan sai na ji ta zuba wa garwashin ruwa.

Ba ta yi mana faɗa ba. Bayan kwanaki na hau na ce ta ƙarasa mana, ta miƙo mini shayi ta ce, "Baƙon ya wuce, 'yar nan." Ba ta ga Hajji biyu a bayan haka ba Allah Ya yi mata rasuwa.

Sai da na yi aure Baba ya ba ni adakarta. A ƙasan zannuwa na tarar da wasiƙun ajami, na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu ya karanta mini. Famfunan nan suna ciki, da motocin, da akwatin. A ƙarshen kowace an rubuta, "ƙaninki Idrisa." Ta ƙarshen gajera ce: "Yaya Hauwa, yarana sun daina amsa mini, har sunayen da na raɗa musu sun sauya. Ki gaya wa na wajenki sunana, ko a samu mai yi mini addu'a."

Ashe Ɗan Jirgi ƙanin Sitti ne, kuma abin da ta hura wuta a daren nan don ta gaya mana ke nan. Na yi kuka a gaban dattijon nan ba kunya, kuma har yau abin yana ci mini rai. Muna dariyar mutanen Amurka, kwana ɗaya tak aka gwada mu muka yi abin da suka yi.

Yanzu 'ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar mini, ido a kan waya. Na koya musu sunan Idrisa dai, yana cikin addu'armu. Wani lokaci in ina dafa shayi ni kaɗai, sai in ji bakina ya ce, "Ta shigo mu ji ta, Sitti."