Tsamiyar da Kawu Isa Ya Sa Mu Zana

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, malamin zane a lise, wato sakandaren da na yi a Garwa. Ba yabonsa na zo yi ba, an yi wannan ranar addu'ar bakwai. Abin da na gani makon jiya ne ya hana ni sukuni.

Kowace shekara, da damina ta ɗauke, sai ya kwashi ajinsa zuwa bakin kogin Binuwai, ƙasan unguwarmu. Tudu ɗaya ake zama kullum, abu ɗaya ake zanawa: wata tsamiya, da ruwa, da gidajen da ke bayanta. Magogin fensir na kowa kuwa tun a ƙofar aji yake karɓewa. Na taɓa ce masa, "Kawu, bara ma ita aka zana. Tsamiyar nan aure za a yi mata?" Ya ce, "Hadiza, miƙe hannunki, rufe ido ɗaya. Daga gindinta zuwa ruwa, fensir nawa? Rubuta a ƙasan takarda."

A gida dariya ake masa. Babana yakan ce, "Isa, mutane na kai kaya Marwa, kai kana kai yara kallon itace." Har da ni a dariyar. Wa zai damu da darasin da ba ya kayar da kowa a jarrabawa?

Da ya rasu ba a kawo wani ba. Ɗakin zane ya zama ma'ajiyar karyayyun bencina. Makon jiya maigadin makaranta ya aiko in zo in kwashe takardun Kawu kafin a ƙone su. Na jera su a tsakar gida, shekara bayan shekara. Wasu zanen kamar kaza ta yi tono. Amma a na farko fensir biyar ne tsakanin tsamiya da ruwa. Sai huɗu. A nawa zanen, biyu da rabi. A na ƙarshe saiwoyinta a waje suke.

Na sauka bakin kogi, na hau tudun. Babu tsamiya, ko kututture. Na miƙe hannu, na rufe ido ɗaya: daga ruwa zuwa katangar gidan farko, fensir biyu. Gidanmu ne na uku.

Na nuna wa Baba takardun. Ya ce, "Ruwa ai haka yake, ya zo ya koma."

Da Kawu na nan, me zai ce? Na san ba zai yi gardama ba. Tambaya zai yi: wane aji ne ya auna bana? Babu. Ƙanwata tana lisen yanzu, haddarta kamar ruwa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ta kalli abu ɗaya na awa guda.

Bai bar gida ba, bai bar shago ba. Takardun nan ya bari, da wannan ido da na so a ce ban da shi. Allah Ya jiƙansa. Na zana na bana da biro, na ɗora a kan nasu, na rubuta biyu a ƙasa. Jiya da yamma hadari ya fara haɗuwa ta gabas.