Kafofin Iskar Yaya Shu'ibu

Yayana Shu'ibu kafinta ne, amma ba na kujera da gado ba. Na rufi ne, irin waɗanda ake hangowa a saman gini da ƙusa uku a baki, rana na dukan ƙeyarsu. Ni Huseina ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ina bandar kifi ina kaiwa kasuwar Hadejia. A gidanmu ni aka sani da baki. Haƙurin gidan kuwa Yaya ya kwashe shi kaf, ko na taɓawa bai rage mini ba.

Babanmu masunci ne a Kirikasamma, don haka a wajen gyaran kwalekwale Yaya ya fara riƙe guduma. A nan ya lura da wani abu da ya bi shi har girma. Kwalekwalen da aka kife a ƙasa mai laima, cikinsa a rufe ruf, ya fi saurin ruɓewa a kan wanda ke yini cikin ruwa. Da ya dawo Hadejia ya kama aikin rufi, sai ya zo da wannan karatun. Duk gidan da zai rufa, sai an bar masa kafofi a saman bango, tsakanin kwano da silin, ya buga musu raga saboda jemage.

In mai gida ya yi gardama, Yaya ba ya ɗaga murya. Sai ya ce, "Alhaji, ƙasarmu ta fadama ce, laima daga ƙasa take tasowa. In ta hau sama ta tarar da kwano, gumi take zama, ta ɗiga kan katako. Ga zafi kamar cikin tanda. In iska ba ta ratsa ba, katakon nan dahuwa zai yi, gara ta zo ta ƙarasa." Wasu su yarda. Wasu su ce gidan zai yi kama da ɗakin tattabaru. Su waɗannan sai ya tattara zartonsa ya yi musu sallama, ko da kuwa gidansa babu na cefane. Na sha yi masa tsiya a kan haka, na ce da iska ake tuƙa tuwo da mun fi kowa ƙiba.

Abokin aikinsa Tasi'u ne, magini. Shekara talatin suna tare, Tasi'u ya ɗora bulo, Yaya ya ɗora kwano. A zaurenmu suke cin abinci, kwano ɗaya, Tasi'u yana tsokanata wai kifina ya fi gishiri gishiri. Ɗan farin Yaya ma sunan Tasi'u aka sa masa. Ni kaina Yaya Tasi'u nake ce masa, kuma har zuciyata nake faɗa.

Bayan ambaliyar shekarar 2020 gini ya yi yawa. Wani mai injin casar shinkafa, Alhaji Abdulganiyyu, ya kira su suka yi masa gida a Auyo, a wani fili da aka cike dab da fadama. Yaya ya sa aka bar kafa takwas, ya buga raga, ya gama rufinsa ya wuce wani aikin. Tasi'u ya tsaya yin filasta.

Damina uku tsakani, wata safiya cikin watan Agusta, silin ɗin falon gidan ya rufto gaba ɗaya. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Ranar ina Auyo sarin kifi, sai na ga Yaya ya wuce a babur fuskarsa ba daɗi. Na bar kwandona wajen mai kifin na bi shi.

Na tarar ƙofar gidan cike da mutane, har da mai unguwa. An fito da katakon an zube, baƙi ƙirin, funfuna ta cinye shi, ana taɓawa yana marmashewa. Tasi'u na tsaye a gefe. Yaya ya ɗaga kai ya dubi saman bango, ni ma na duba. Bango sumul, fenti fes, babu kafa ko ɗaya.

Yaya ya nemi tsani ya shiga cikin rufin. Da ya sauko rigarsa sharkaf, kamar an tsamo shi daga kogi. Daga baya ya gaya mini ragarsa tana nan a wurarenta takwas, siminti ya kutso ta idanunta ya daskare.

Alhaji ya ce, "Malam Shu'ibu, me ka yi mini haka?"

Yaya ya juya ya dubi Tasi'u. Jira yake abokinsa ya faɗa da bakinsa, don kada a ce shi ya tona shi. Wallahi na ga wannan jiran da idona.

Tasi'u ya gyara hula ya ce, "To, ni dai Alhaji ga ginina nan, ko tsaga babu. Ina jin katakon ne aka samu ɗanye."

Yaya ya ce, "Tasi'u, ina kafofin da na bari?"

"Wace kafa kuma? Ni ban ga wata kafa ba."

Nan na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ya yi mini wani kallo da ya sa na haɗiye. Ya ce, "Alhaji, don Allah ka hau ka gani, ko ka sa wani ya hau."

Alhaji ya ce, "In hau ina, sauran ya rufto da ni? Mutumin da kuka shekara talatin tare shi ya faɗa. Wa kuma zan tambaya?"

Shi ke nan. Da wani bare ne ya faɗa, da an bincika. Amma kowa ya san kwano ɗaya suke ci, don haka kowa ya yarda. Kafin sati ya zagayo an yaye rufin, wasu kafintoci sun sake shi. Kafin wata, daga Auyo har Malam Madori magana ɗaya ce, Shu'ibu yana rufi da ɗanyen katako.

Adam mai fenti, wanda ya yi aiki a gidan, shi ya ba ni sauran labarin. Alhaji yana Umara lokacin filasta, kuma yana shirin gina babban sito. Tasi'u ya so in ya dawo ya ga bango sumul irin na gidajen Kano, ya ba shi aikin. Sai ya toshe kafofin cikin yini ɗaya. Aikin siton kuwa ya samu. Na roƙi Adam ya je ya faɗa, ya ce shi ba ya shiga tsakanin manya. Ni na faɗa a kasuwa har muryata ta dushe, aka ce ai ƙanwarsa ce, me za ta ce.

Tun daga nan ba wanda ya sake kiran Yaya rufi. Yanzu yana zaune a ƙofar gida yana ƙera benci da teburin mai shayi. In ya ji ƙarar ana buga kwano a unguwa, sai hannunsa ya tsaya. Ni abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa zagin Tasi'u ba ko sau ɗaya. Ni na yi masa nasa, na yi nawa.

Da ranin nan, wata Laraba da hantsi, ina shanya kifi sai na ji sallamar da na shekara biyu ban ji ba. Na leƙo. Tasi'u ne tsugune gaban Yaya, yana wasa da ɓawon katako. Suka gaisa sama-sama. Tasi'u ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce ya gina wa iyalinsa sabon gida a bakin gari, saura rufi.

"Kai nake so ka yi mini, Shu'ibu. Wurin da laima. Yaran nan na yanzu ba su san kan abin ba, sai su rufe mini shi ruf. Ka bar mini kafofin nan yadda ka saba."

Yaya ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. Ya dube shi ya ce, "Ashe ka san amfaninsu."

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

"Ɗaki nawa ne?" in ji Yaya.

"Uku da falo."

"A bar kafa goma, biyar gabas biyar yamma, su kalli juna. A sa raga mai ƙananan ido. Akwai yara a gidan, kada ka bari a rage ko ɗaya." Ya ɗauki zartonsa ya ɗora kan katako. "Ka nemi wani kafintan."