Raguna Uku a Ƙofar Gidanmu

Sau uku ana yanka mini rago a ƙofar gida, sau uku ina tsallake jini. Haka ake yi a ƙauyenmu na gefen garin Damazin, can kudu da Khartum. Wanda ya dawo daga asibiti da ƙafafunsa ba ya shiga gida sai an yi masa karama, wato a kayar da dabba a bakin ƙofa ya ƙetare, a dafa, a kira maƙwabta. Yayana ne ke ɗaukar wannan nauyi. Shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har yau, da furfurata da komai, kallon yaro yake yi mini.

Ciwona ba ya nunawa a fuska. Zuciyata ce ke rikicewa. Ina zaune lafiya lau sai ta kama gudu, ta yi tuntuɓe, ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Wani lokaci awa guda, wani lokaci yini sur. Idan ta lafa sai ta bar ni tiɓis, kamar na wuni ina dakon buhunan dawa.

Likita a Khartum ya ce akwai aikin da ake yi. Za a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a ƙone wurin da ke tayar da rikicin. Aka yi, na dawo, rago na farko ya tafi. Wata biyar ina jin kaina garau. Ranar nan ina alwalar azahar sai ga ta, ko sallama babu. Aiki na biyu kuwa ko wata biyu bai riƙe ba.

Na gaji ƙwarai. Na gaji da doguwar hanya, da kwanciya a miƙe bayan aiki ba a yarda ka motsa ƙafa ba, da maganin tsinka jini da ya sa ko ƙaya ce ta soke ni sai an ɗaure wurin. Amma gaisuwa ta fi komai gajiyar da ni. Mutumin da ya ci naman warkewarka, ya yi maka addu'a hannunsa da maiƙo, da wane baki za ka ce masa ba ka warke ba? Sai in ce alhamdulillahi, in yi gaba.

Na uku a Alƙahira aka yi, Yaya ya raka ni. Ranar da muka dawo ina zaune a kan angarib, gadon igiyarmu, baƙi suna miƙo hannu suna yi mini barka da dawowa. Ko naman bai nuna ba zuciyar ta tashi. Na ci gaba da murmushi, gumi yana bin bayana. Likitan ya riga ya ce kada in tsorata in ta yi haka a watanni ukun farko. Na riƙe maganarsa wata uku, na ƙara wa kaina na huɗu da na biyar. Matata ce kaɗai ta sani, don ita jijiyar wuyana take kallo, ba ta sauraron bakina.

Da riɗi ya nuna, Yaya ya kira gayya a gonarsa, don riɗi in aka yi masa jinkiri zubewa yake yi. Matata ta ɓoye laujena, na ari na maƙwabci. Mutumin da aka yanka wa raguna uku ai ba ya zama a gida. Kafin hantsi ƙafafuna suka ƙi, na zauna daɓas a tsakiyar kunya, jama'a suna kallo. A amalanken jaki aka dawo da ni.

Yaya ya tsaya a kaina, rawaninsa ya warware. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Bayan girbi mu koma. Daktor ya ce ana yin na huɗu."

Na ce, "Yaya, ba ni zuwa."

"Mi kac ce?"

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. "Na gaji, Yaya. Ba mutuwa nika nema ba. Ina shan maganina, ina zuwa Damazin a duba ni. Amma ba ni sake kwantawa a ƙona ni, kuma don Allah kar ka ƙara yanka min komi. Kunya tana kashe ni."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya zauna a bakin gadon. Can ya ce, "To in ban kai ka ba, mi zan yi maka? In zuba maka ido hakanan?"

Tausayinsa ya kama ni fiye da nawa. Sai na miƙa masa hannuna, na ɗora yatsunsa a kan jijiyar wuyan hannun. Mutumin nan ya kwana a barandar asibiti saboda ni sau babu adadi, amma bai taɓa jin abin da muke yaƙi da shi ba. Leɓɓansa suka yi ta ƙoƙarin bin bugun, suna ɓata.

"Haka taka yi kullum?"

"Kusan kullum."

"Har ranar karama?"

"Har ranar."

Daga waje wani ya ɗaga murya yana kiransa, mutane suna jiransa a gona. Yaya ya ce su ci gaba ba shi, kuma bai saki hannuna ba.