Kyamarar da Ba Ta Ƙara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina rataye da wata ƙatuwar kyamara a Ƙanƙara. Bikin suna, ɗaurin aure, saukar karatu, duk da ita nake zuwa. Irin mai madubi a ciki ce, kana latsawa ta ce ƙwas, kowa ya san an ɗauka. Amma kafaɗata ta fara ciwo, kuma in na hau babur zuwa ƙauye jakar sai ta yi ta dukan haƙarƙarina har in isa. Da na ga 'yan ƙananan nan marasa madubi sun fara shigowa, sai raina ya biya. Matsalar ita ce ban san wacce zan ɗauka ba.

Na fara da wanda ya koya mini sana'ar, wani dattijo a Faskari da ya soma hoto tun zamanin fim. Na same shi a ƙofar shagonsa yana goge gilasan kyamara da gefen rawani. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Yaro, mi ta yi maka, wadda kake da ita?"

Na ce, "Nauyi, Baba."

Ya ce, "Nauyin nan shi ke hana hannu rawa. Amma in ka nace, kar ka duba jikin kyamara, duba gilasanta. Jiki shekara kaɗan ne ya tsufa, gilashi kuwa har jikanka sai ya ɗauki hoto da shi. Ka tambaya ko naka na yanzu za su hau ta."

Na koma Ƙanƙara wurin wani abokina, tsarana, mai ɗaukar bidiyon biki. Shi bai ko bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Mutumina, batir! Waɗannan 'yan ƙananan cin wuta gare su. Ka je Ruwan Godiya ana tsakiyar ɗaurin aure ta mutu, ina za ka yi caji? Ka zaɓi wadda ake iya cajinta da irin wayar salula, ko a wurin mai sola ka jona." Ya ƙara da cewa in nemi mai bin idon mutum tana saita hoto da kanta, don yaran biki ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Na fito daga wurinsa kaina ya ƙara ɗaurewa. Amma da muna sallama ya ce in je Sabuwa, akwai wata Hajiya da ke ɗaukar hoton mata a cikin gidaje, ita ta riga mu saye. Hanyar ba ta da kyau, kuma a lokacin ba a binta sai da rana tsaka saboda 'yan fashi, sai na bi motar 'yan kasuwa.

Hajiya ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Ta zuge 'yar jakar hannunta ta fito da kyamarar, ba ta fi tafin hannuna ba. Ta ce, "Malam, ni ban san lissafin gilasai ba. Abin da na sani, wannan tana shiga ƙarƙashin hijabi, ba mai sanin na ɗauko wani abu a hanyar nan tamu. Kuma ba ta ƙara. Mata in sun ji ƙwas sai su ƙame, kowa ta rufe baki. Da wannan kuwa amarya na dariya nake ɗauka." Da ta ji ina da aikin suna a ƙauyen Mabai ranar Asabar, sai ta miƙo mini ita da batir biyu, ta ce in gwada in dawo da ita.

Ranar sunan na isa Mabai da hantsi, an riga an yanka rago. Kakan jaririn, wani manomi dogo mai farin gemu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ina mai hoton?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To ina kayan aikin?"

Na nuna masa. Ya juya ga ɗansa ya ce, "Mun ce a kira mai hoto, an kawo mana mai wasan yara."

Aka dai jeru a gindin rumbu, maza wajen ashirin, kowa ya gyara hula ya ɗaure fuska. Na ɗauka sau biyar, na sauke hannu. Ba wanda ya motsa. Rana na dukansu, suna ta zare ido suna jira. Can kakan ya yi magana ta gefen baki, don kar ya ɓata hoton: "Wai ta lalace ne?"

Na ce, "Ai an gama tun ɗazu."

Sai wurin ya kece da dariya. Shi kansa kakan ya dafa kafaɗar ƙanensa yana dariya har hularsa ta karkace. Na ɗaga kyamarar na ɗauki wannan ma, ba wanda ya lura. Da na nuna masa a bayan kyamarar, ya daɗe yana kallo, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin haƙoransa a hoto ba. Ya aika aka kira matarsa ta leƙo ta gani. Amma ya kafe sai an sake wani na tsaye, kuma sai ya ji ƙara. Na lalubo wurin da ake kunna mata ƙarar, ta yi wani ɗan ƙis, ya ce, "Yauwa, yanzu aka yi hoto."

Batir ɗaya ya ƙare kafin azahar, na biyun ya kai ni har aka watse. Na mayar wa Hajiya kayanta da ƙullin naman suna.

Bayan girbi na sayi tawa, irin tata, da batir uku da wani zobe da ke haɗa ta da tsofaffin gilasaina. Kakan Mabai kuwa ya sa na wanke masa hotunan biyu. Na tsayen ya ba ɗansa, mai dariyar ya sa aka yi masa firam ya rataye a zaure. Daga wannan zauren na samu aikin suna huɗu a ƙauyen kafin damina, kuma kowane maigida sai ya ja ni gefe ya ce shi ma irin na dariyar yake so.