Manaja Ba Ta Zuwa Ko'ina

Shekara talatin da ɗaya Anti Tela ta yi tana ɗinki a ɗakinta na saman bene, na ƙarshen baranda, wanda tagarsa ke kallon tankin ruwa. Ba ta taɓa buɗe shago ba. Masu ɗinki su hau bene, su zauna bakin gado, ta auna su da tef ɗin da ba ya barin wuyanta. Gajeriya ce mai saurin baki, kuma idan ta ce zif ɗin da kika sayo ba shi da kyau, to ba za ta sa shi ba ko za ki wuni kina roƙo.

Kyanwarta kuwa a buhun ƙyallaye ta tsince ta tana 'yar mitsitsiya, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Ta sa mata suna Manaja, don aikinta ke nan zama a kan teburin yanka tana bin kowa da ido ba ta taɓuka komai. Da tsufa ya kama ta sai kunne ya tafi, haƙora suka rage uku, ta koma kwanciya a kan ƙafar uwar ɗakinta. Ko banɗaki Anti Tela ta shiga, Manaja na bakin ƙofa tana jira.

Sai kayan kanti suka cika gari, masu hawa bene suka ragu. Anti Tela ta nemi aiki a wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta, daga bakwai na safe zuwa huɗu na yamma.

Ranar farko da ta dawo ta tarar muryar Manaja ta dushe don kuka. Ta yi fitsari a bakin ƙofa, ta tuge gashin cikinta, abincinta yana nan yadda aka bar shi. Kwana biyar ana haka. Malama, tsohuwar malamar makaranta da bango ɗaya ya raba ɗakunansu, ta ce sau biyu take shan maganin ciwon kai a rana. Wakilin mai gida ya hawo da takarda ya ba da wa'adin mako biyu: ko kukan ya tsaya, ko kyanwa ta bar gidan.

Ƙanenta direba ya zo da nasa maganin.

"Yaya, kyanwa ce fa. A sa ta a kwali in kai ta bayan kasuwa, za ta samu masu ba ta abinci."

"Ranar da haƙoranka suka zube," in ji ta, "ka tuna min in nemo kwalin da zai ɗauke ka."

Bai sake tayar da zancen ba.

Ranar hutunta ta naɗe Manaja a tawul ta kai ta wurin likitan dabbobi. Ya duba ta, ya ce gaɓoɓinta na ciwo, ya ba da magani. Ya bayyana mata cewa kyanwar da ba ta ji, in ta farka ba ta ga kowa ba, babu motsin da zai gaya mata akwai mutum a kusa, shi ya sa take firgita. Ya ce ta koya mata rabuwa kaɗan-kaɗan, ta bar mata tufar da ta sa ba a wanke ba, kuma ban da doguwar sallama in za ta fita, ban da rawar jiki in ta dawo.

Anti Tela ta ɗauki abin kamar ɗinkin da ake jira gobe. Tana dawowa daga aiki sai ta huta kaɗan, ta sa takalmi, ta rataya jaka, ta ɗauki makulli, sannan ta koma ta zauna. Ta yi haka har Manaja ta daina ɗaga kai in ta ga jaka. Daga nan ta fara fita ta ƙirga goma ta dawo. Sai minti biyu, sai biyar. Matan baranda suka samu abin kallo. Duk fitar minti biyu sai wata ta ce mata sannu da zuwa, ya hanya. Ita kuma ta amsa da cewa hanya lafiya lau, mutanen can suna gaishe su, ta shige ɗaki.

A kwana na goma Manaja na iya yin minti arba'in a kan tsohon zanen uwar ɗakinta ba kuka. Amma ina minti arba'in, ina awa tara.

Sai ta tunkari shugaban sashensu a kamfanin. Da farko ta nemi ya bar ta ta riƙa zuwa da kyanwar, ya ƙi. Ta ce to ya sallame ta da sha biyun rana, ta tafi da sauran rigunan gida ta ƙarasa a kekenta. Ya ce ba a taɓa yi wa kowa haka ba. Ta ce ai ba a taɓa samun mai sa wuyan riga kamarta ba, ya ɗauko na kowa a tebur ya gwada da nata. Ya ɗauko, ya jujjuya, ya ce za a gwada wata ɗaya.

Saura awa biyar. Ta buga ƙofar Malama, kuma ba haƙuri ta je bayarwa ba. Makulli ta miƙa mata, ta ce tunda kukan ya hana ta sakat, maganinsa a hannunta yake: ta shiga ta zauna inda Manaja za ta gan ta, shi ke nan. Malama ta ce ita duk duniya ba abin da ta tsana kamar kyanwa. Ta dai karɓi makullin. Kwana biyu ba ta shiga ba. A na uku ta shiga da niyyar yi wa Manaja faɗa, ta yi ta yi, sannan ta tuna kurma ce. Ta zauna da jaridarta, ta naɗe ƙafafu a kan kujera don kada a taɓa ta. Manaja ta kwanta a ƙasa tana kallonta har barci ya ɗauke ta. Har yau Malama ba ta taɓa shafa ta ba, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce saboda kanta take yi.

Wa'adi ya wuce da kwana huɗu kafin wakilin ya hawo. Ya ce an gaya masa har yanzu ana jin kuka da safe.

"Ana ji," in ji Anti Tela, ba ta ko tsayar da keke ba. "Minti goma sha biyar, kafin Malama ta gama karyawa. Jaririn ƙasan bene yana yin awa guda yana kuka, wa ya kai masa takarda? Manaja ta riga ka zuwa gidan nan da shekara tara. Ba ta zuwa ko'ina."

Ya dubi kyanwar da ke kwance a ƙafarta, gashin cikinta ya fara tsirowa fari-fari. Ya ninke takardarsa ya ce zai yi magana da mai gida. Har ya kai matakala sai ya dawo ya leƙo, ya tambaya ko tana rage tsawon wando. Ta ce ya kawo, amma a wanke.