Mangwaron Dabo a Gonar Jingina

Duk wanda ya san Kwanyawa ya san Dabo, ko bai riƙe fuskarsa ba zai riƙe tafiyarsa. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, hannu ɗaya a ƙugu, kamar yanzu ya ɗago daga noma. Manomi ne ɗan manomi, gero da dawa da gyaɗa, bai taɓa gwada wata sana'a ba. Halinsa da kowa ya sani shi ne kunya, irin wadda mutum zai gwammace ya bar canjinsa da ya tambaya sau biyu. Matarsa Lauratu takan ce da ana sayen kunya a kasuwar Ƙaraye da tuni sun gina bene. 'Ya'yansu mata ne, duk suna ɗakunansu. Namiji ɗaya ne ya tashi a gidan, Abdulmutalib, ɗan ƙanwar Dabo da ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Da gyaɗar Dabo yaron ya yi karatu har ya zama akanta, ya sami aikin ofis a Ƙaraye.

Dabo yana da aboki tun na ƙuruciya, Uwais. Wata shekara, can baya sosai, gobara ta cinye wa Uwais rumbuna da rabin gida bayan an gama girbi. Dabo bai tsaya shawara da kowa ba, ya kora shanun huɗarsa biyu kasuwa, ya kawo kuɗin ya danƙa masa. Uwais ya ce ba zai karɓa haka kawai ba, sai dai Dabo ya riƙe gonarsa ta gado jingina. Ka'idar jingina a ƙauyen kuwa sananniya ce: ka ba da kuɗi, ka riƙa noma gonar, duk ranar da mai ita ya kawo abin da ka ba shi, ka tattara fartanyarka ka fita. Ba a ƙara sisi don shekaru sun ja, ƙarin a wurinsu kuɗin ruwa ne. Dabo ya karɓi gonar ne don kada abokinsa ya ji nauyi, don ba gonar kirki ba ce. Fako ce jajir, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.

Uwais ya koma Rogo Sabon Gari ya kama awon hatsi. Shi kuwa Dabo ya duƙufa kan fakon nan. Ya yi ta jigilar taki da amalanken aro, ya roƙi Fulani suna sauka da shanunsu a ciki da rani, ya tare zaizayar gefen gabas da buhunan ƙasa. A hankali gonar ta yi baƙi, ta fara ba da dawa har masu wucewa suna tsayawa kallo. Duk sallar da suka haɗu, Uwais yakan ce masa ya daina kiranta jingina, ai gonar ta zama tasa, shi ya bar noma har abada.

Da girma ya fara kama Dabo, bayansa ya soma ƙin sunkuyo, sai ya shiga tunanin abin da zai ci ranar da fartanya ta fi ƙarfinsa. Abu biyu ya hango da 'yan kuɗin da ya tara. Ko ya riƙa ɗaure bijimi yana kiwatawa yana sayarwa duk shekara, ko ya cika gonar nan da mangwaro mai aure, ya haƙa rijiya, ya jira. Ya kasa zaɓa, sai ya aika aka kira masa Abdulmutalib, don alfahari yake da ilimin yaron fiye da yadda yake alfahari da komai nasa.

Suka zauna a zaure da hantsi, Abdulmutalib ya fito da wayarsa. Ya yi wa kawunsa bayani a tsanake, ya ce haka manyan kamfanoni suke auna kowace harka kafin su zuba kuɗi. Za a lissafa abin da za a kashe kowace shekara da abin da zai shigo kowace shekara. Amma kuɗin da zai zo baɗi ba a ɗaukarsa daidai da na hannu, don na hannu za ka iya sayen gyaɗa da shi ka juya ya haihu, ga kuma tsada tana cin naira. Saboda haka sai an rage wa kuɗin baɗi daraja, na baɗin baɗaɗa a ƙara rage masa, duk yadda shekara ta yi nisa haka ragin yake ƙaruwa. In an mayar da su duka darajar yau, sai a haɗa, a cire abin da za a kashe. In da saura, harkar ta yi. In harka biyu ce, a ɗauki mai saura da yawa.

Dabo ya ce to a saka takin da ya zuba shekara da shekaru. Yaron ya yi dariya ya ce abin da aka riga aka kashe ba ya shiga lissafi, gaba kawai ake dubawa. Ya latsa, ya latsa, ya ce mangwaro ya fi kiwo nesa ba kusa ba, ko bayan ragin. Sai dai shekarun farko duk ci ne, ba ko sisi da zai dawo. Duk daɗin yana can gaba, daga lokacin da bishiyoyin suka kama haihuwa sosai.

Yana shirin mayar da wayar aljihu sai ya tsaya.

"Kawu, gonar nan saye ce ko jingina?"

"Jingina ce a baki. Amma ta Uwais ce, ka ga kuwa tawa ce."

Abdulmutalib ya ce haka ne, ya sake duban wayar na ɗan lokaci, bai ƙara komai ba. Lauratu ce, da ta ji daga tsakar gida, ta tsare mijinta bayan yaron ya tafi. Ta ce kafin ya dasa ko ɗaya ya tara shaidu, ya cika wa Uwais kuɗi a mayar da ita saye. Dabo ya shirya har Rogo da wannan niyya. Uwais ya tare shi da fura da dariya, ya ce ko dutse yake so ya dasa ya dasa. Maganar saye ta zo wa Dabo har baki ta koma. Ta yaya zai dubi idon wanda suka yi kiwon awaki tare ya ce masa sayar mini da gonar ubanka, a kira shaidu? Ai kamar ya ce ban yarda da kai ba ne. Ya sha furarsa ya dawo, ya ce wa Lauratu an gama magana.

Wahalar da ya sha bayan nan, wanda bai raini dashe da rani ba ba zai gane ta ba. Rijiyar farko ta rufta, aka sake wata. Gara ta cinye layi guda, ya sake dasawa. Ya kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki, yana jan guga da bayan nan nasa mai ciwo, Lauratu tana taya shi da tulu. Gonar da a da take ba su dawa ta rage bayarwa saboda dashen, suka koma lallaɓa ƙaramar gonarsa ta gado. Akwai shekarar da ko ɗinkin salla ba su yi ba. In mutane sun tsokane shi da cewa ya dasa wa jikoki, sai ya ce a'a, ɗansa akanta ya auna, lissafin kamfani ne. Abdulmutalib kuwa yakan leƙo lokaci lokaci da burodi da sukari, ya zaga gonar, ya tambayi yaushe za su kama haihuwa sosai. Dabo yana jin daɗin wannan kulawa har cikin ransa.

Shekarar da bishiyoyin suka yi fure fari fat, har wani mai sarin kayan marmari ya zo daga Rogo ya taya gonar tun 'ya'yan ba su nuna ba, a shekarar Uwais ya yi sallama a ƙofar gida. Bai yarda ya shiga zaure ba. Ya yi gaisuwa doguwa, ya tambayi gida da gona da jiki, idonsa yana kan takalminsa. Sannan ya zaro ƙunshi daga aljihu.

"Malam Dabo, na zo fansar gonata."

Tunda suke bai taɓa kiransa Malam ba. Dabo ya tsaya yana kallon ƙunshin. Kuɗin daidai suke da abin da ya bayar, ba ragi ba ƙari. Amma abin da ya zama shanun huɗa biyu a wancan lokaci, yau ko ragon layya na kirki ba zai saya ba.

Wurin da Dabo ya fara nufa shi ne Ƙaraye, wajen ɗansa. Abdulmutalib ya saurare shi yana gyara takardun kan teburinsa, ya ce abin bai yi daɗi ba, amma jingina jingina ce, sai dai a je gaban mai unguwa. Aka je. Mai unguwa dattijo ne mai tsoron Allah, ya san wahalar da Dabo ya sha, ya roƙi Uwais ya bar shi ya ci ko kaka uku. Uwais ya ce yana da uzuri. Dattijon ya tambaya ko an taɓa mayar da ita saye a gaban wani, Dabo ya ce a'a, ranka ya daɗe, amma ya sha faɗa mini tawa ce. Uwais ya ce wasan abota ne. Iyakar abin da aka iya shi ne a biya Dabo kuɗin dashe da na haƙa rijiya. Dabo ya yi mamakin yadda Uwais ya amince nan take, har ya faɗi adadin kafin a tambayi Dabo kansa. Bai taɓa gaya wa Uwais nawa ya kashe ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya ƙafarsa ta ɗauke shi zuwa gonar bisa sabo, sai da ya kai bakin shinge ya tuna. A ciki ya hango mai sarin nan na Rogo, da wanda yake zagayawa da shi daga bishiya zuwa bishiya yana nuna masa waɗanda suka fi haihuwa. Abdulmutalib ne, waya a hannu. Dabo ya riƙe shingen ƙayar da hannunsa bai ji sukarta ba. Kafin azahar labari ya gama gari: yaron ne ya ba Uwais kuɗin fansa da na diyya, shi zai riƙe gonar shekaru masu yawa, suna raba amfanin shi da Uwais.

Gonar ta yi wa Dabo ciwo, Uwais ma ya yi masa, amma ba su ne suka hana shi cin abinci ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne zaman nan na zaure. Kalma ɗaya ta ishi yaron ya faɗa, Kawu kada ka dasa sai ta zama saye, da ko don jin nauyinsa Dabo ya koma Rogo. Ya gani tun ranar, ya yi shiru, ya bar tsoho ya cinye shekarun ci, shi ya jira na daɗin. Ashe burodin nan da sukari duk zuwa duba kaya ne.

Bayan sallar Juma'a Abdulmutalib ya zo gidan. Ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba, ya gaida Lauratu, ta amsa daga bayan ƙyaure ba ta fito ba. Ya ce wa kawunsa ai da shi bai shiga harkar ba, wani bare ne zai shiga, don Uwais ya daɗe yana neman mai kuɗi. Gara abin ya tsaya a gida. Ya ce ya zo da shawara: tunda babu wanda ya san bishiyoyin kamar Kawu, ya ci gaba da kula da su, za a riƙa ba shi albashi duk wata.

Dabo ya dube shi ya ce:

"Ranar da ka tambaye ni saye ce ko jingina, ka hango wannan?"

"Kawu, lissafin da na yi maka babu ƙarya a ciki."

"Na sani, Mutalib. Daidai yake, ga shi nan ya fito." Ya gyara zama saboda bayansa. "Ka ce mini abin da aka riga aka kashe ba ya shiga lissafi. Ni a lokacin taki kawai na kawo a raina. Ban tuna da gyaɗar da na kai ka makaranta da ita ba."

Dabo ya ce ya gode da tayin aiki, amma ba zai iya zama mai gadin abin da ya yi rainonsa da hannunsa ba. Ya ce a gaya wa duk wanda za a ɗauka kada ya kakkaɓe 'ya'yan da sanda, da hannu ake tsinka, kuma layin gabas yana son ruwa fiye da sauran. Sannan ya miƙe da ƙyar ya shige gida.

Yanzu Dabo yana noma ƙaramar gonarsa ta gado, kunya biyu ya huta, kunya biyu ya huta. Hanyar zuwa can ta gefen mangwaron take, amma ya koma bin ta bayan gari duk da ta fi nisa. Da kakar farko ta nuna, an aiko gidan da kwando cike da mangwaro daga gonar, manya manya, jajaye. Lauratu ta ɗaga kai ta dube shi. Ya ɗauki ɗaya ya juya a hannu, ya ce na layin gabas ne, ya mayar. Ya ce ta raba wa maƙwabta, a mayar wa masu aiken da kwandonsu.