Dikten Mushe Haruna da Kunnen Sani

Shekara ashirin ke nan da muka kai Mushe Haruna makwancinsa a nan Dakoro. Mushe muke kiran malamin makaranta a nan, aro daga Faransanci. Ƙanen mahaifina ne, a gidansa na tashi, kuma shi ya koyar da ni a lakwal, wato makarantar boko, har ajin ƙarshe na firamare, inda karatuna ya tsaya. Ɗan abin da na iya na rubutu duk daga hannunsa na samo shi. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sassauta masa.

Wanda bai ga rubutun Mushe a allo ba bai ga rubutu ba. Babban baƙinsa yana tsaye kamar an auna shi da igiya. Yakan ce sunan mutum da sunan gari ba a fara su da ƙaramin baƙi, don wulaƙanci ne, kuma jimlar da ba aya a ƙarshenta maganar mahaukaci ce. Da Faransanci yake koyar da mu, amma ko wasiƙar Hausa aka kawo masa ya karanta wa wani, sai ya ɗauki jan biro ya gyara ta kafin ya mayar.

Sai dai ba da baki kaɗai ya koyar da mu ba. Yana da wata ƙa'ida ta ranar dikte, wato shifta. In ya gama shifta, sai mu yi musayar kaye, littattafan rubutunmu, kowa ya ƙirga kurakuran ɗan'uwansa. Wanda ya fi kowa ƙarancin kuskure shi zai mari sauran, kowane kuskure mari ɗaya. Yaro zai fito gaban allo, ya mai da hannuwansa baya, ya cika kumatunsa da iska, ya karkata kai. In marin bai yi ƙara ba, Mushe zai taso ya ce, "Zo in nuna maka yadda ake yi." A fuskar mai marin yake nunawa. Sau ɗaya ya nuna mani, na yi kwana uku ina tauna tuwo da gefe guda. Daga ranar ban sake sassauta wa kowa ba.

Yawanci ni ne mai marin, don a gida ma dikte nake sha. Kuma ba zan ɓoye ba, na zo na ji daɗin abin. Yaran da suka fi ni ƙarfi a fili sukan tsaya gabana suna rawar jiki.

Akwai Sani, ɗan wani makiyayi daga wajen Azagor, wanda aka kawo gari wurin gwaggonsa don ya yi lakwal. Lissafi kamar ruwa yake sha, amma dikte ta gagare shi. Wata rana ya fito da kurakurai fiye da goma. Na yi na farko, na yi na biyu. Kafin na uku ya sauka ya kau da fuska don tsoro, tafin hannuna ya dira a kan kunnensa na hagu gaba ɗaya. Ya yi wata ƙara, ya durƙushe. Jini ya biyo wuyansa har cikin riga. Mushe ya ce ya je famfo ya wanke, ya dawo a cika masa sauran. Ya dawo, na cika masa a ɗaya kuncin. Gwaggonsa ta yi ta ɗiga masa man shanu mai ɗumi, kunnen ya yi ruwa wata da watanni, ya mutu. Kafin damina Sani ya bar lakwal. Daga baya ya zama dillalin shanu a kara. Muna gaisawa shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

Yau in na duba waya nakan tambayi kaina me Baffa zai yi da zai dawo. Ina ganin da sai ya farfasa wayoyin nan da taɓarya. Mutum mai digiri zai rubuta sanarwar rasuwa, sunan mamacin da ƙaramin baƙi, ba aya, ba waƙafi, ka rasa inda sunan uba ya ƙare da inda sunan unguwa ya fara. Sallama ta koma baƙaƙe uku. Wani ya rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, wani da ta ƙetaren iyaka, wani ya gauraya su a layi ɗaya. Wasu kuma duk saƙon da manyan baƙaƙe, kamar suna yi maka tsawa. Abin yana ƙona mani rai ƙwarai. Wanda aka kashe wa kuɗi da shekaru ya yi karatu, sannan ya rubuta wa jama'a yadda ya ga dama, raina mai karatu ya yi.

Da wannan zafin a zuciyata muka buɗe gurup a waya, mu tsofaffin ɗaliban Mushe, don shirya masa addu'ar cika shekara ashirin. Wani ya sa lambar Sani. Sai ga saƙonsa: "slm nima dan mouche ne alla jikanchi zan kawo rago". Alhaji Laminu, abokin ajinmu da ya aje aikin gwamnati, ya amsa nan take: "Sani, kuskure nawa ke nan? Cika kumatu!" Hotunan dariya suka yi ta zuba. Ni kuwa na sake rubuta jimlar Sani daidai, baƙi da aya, na aika ƙarƙashin tasa. Ban ƙara ko kalma ba. Kafin la'asar ya fita daga gurup ɗin.

Bayan wasu makwanni wayata ta yi ƙara. Rakiya ce, ɗiyar Sani da ke aure a Agadas.

"Baba Mamman, mi kunka yi wa Baba?"

Na ce wasa ne na tsofaffin ƴan aji.

"Wasa? Kun san kunnen da ya rage mai shi ma ya tahi? Ba ya jin kira, ba ya jin saƙon murya. Da na zo gida ni na zauna da shi har ya tuno baƙaƙen nan, don mu riƙa magana. Kullum da safe sai ya rubuto mani. Yanzu shiru. Na aika ƙanena, ya ce mai ya bar rubutu, ba ya ƙara sa a yi mai dariya da furfura."

Mutanen da ba su yi lakwal ba, waya ta ba su hanya, suna dannawa su yi magana da murya. Sani ba shi da wannan hanyar. Rubutu kaɗai ya rage tsakaninsa da ɗiyarsa, kuma shi ne muka toshe.

Ranar kasuwa na same shi a kara, yana zagaya wani bijimi da sanda a hannu. Da ya gan ni ya tsaya. Na miƙa masa hannu. Bai gaisa da ni ba. Wuyan hannun ya cafke, ya murɗe shi har na ji ƙashi yana ƙara, na durƙusa a cikin kashin shanu. Mutane suka taso, ya ɗaga masu sanda, suka ja da baya.

"Wanga hannun ne," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Wanga dai. Bai gaji ba har yau?"

Na ce ya yafe mani. Na faɗa, na sake faɗa. Yana kallon bakina kawai.

"Ba ni ji, Mamman. In magana gare ka, rubuta. Ai kai ne gwani."

Ya sake ni. Na zauna a kan turke, na rubuta masa a waya cewa ni na kashe masa kunne, na san haka tun ranar, kuma abin da na yi a gurup ya fi na farko muni, don wannan karon ba wanda ya tsaya a kaina da barazana. Na rubuta cewa Rakiya tana jira. Ya ciro tasa wayar, ya nesanta ta da ido, yana bin baƙaƙen da leɓe. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Na gani." Ya juya wurin bijiminsa.

An yi addu'ar Mushe ranar Juma'ar da ta wuce. Sani bai zo ba, amma ragon ya iso.

A wurin aka yi ta yabon Baffa, kuma duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Ya fitar da likitoci da malamai daga garin da iyaye ke ɓoye ƴaƴansu a rumbu in an zo ɗaukar lakwal. Bai taɓa fifita ɗan mai kuɗi ba, ni ɗan gidansa na fi kowa shan hannunsa. Amma ba wanda ya ƙirga waɗanda suka gudu, kuma sun fi mu yawa. Na tuna kuma da yamma yakan koyar da magidanta yaƙi da jahilci a ƙofar gida. Bai taɓa ɗaga wa ɗayansu hannu ba, sun kuma iya. Ke nan ya san wata hanyar. Mu ne bai ga mun cancance ta ba.

Har gobe ina so a fara sunan mutum da babban baƙi, a rufe jimla da aya. Wannan gadon Baffa ne, zan riƙe shi, zan kuma ci gaba da faɗa wa masu ilimin da ke sakaci. Ɗayan gadon kuwa, na jin daɗin kama wani da kuskure a gaban jama'a, na ɗauke shi har tsufa ban san ina ɗauke da shi ba. Ina roƙon Allah kada Ya tuhumi Baffa da abin da na ci gaba da yi bayan ransa.

Shekaranjiya da safe Rakiya ta turo mani abin da ya shigo wayarta: "rakiya lahiya lau nike ya yara". Ko Sani ya yafe mani, ban sani ba, bai faɗa ba. Na karanta saƙon, na ajiye wayar, ban taɓa ko baƙi ɗaya ba.